Binciken Sauyin Dijital: Abin da Ake Aunawa da Abin da Ake Bari a Kasuwa

Watannin baya ɗiyar yayata ta kawo mini daftarin kundinta na digiri na biyu in duba mata kafin ta kai wa malaminta. Batun da ta ɗauka shi ne abubuwan da ke sa 'yan kasuwa su karɓi biyan kuɗi ta waya. Ta raba takardun tambayoyi a Kasuwar Bacci da Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, ta tattara amsoshi, ta zuba su a kwamfuta, kwamfuta ta fitar mata da jadawali tsaf. Sakamakon da ta samu shi ne ɗan kasuwa yana karɓar fasaha idan ya ga tana da amfani kuma ba ta da wuyar sarrafawa.

Na ce mata, "'Yata, aikin nan ya bi ƙa'ida, babu wanda zai kayar da ke a kansa. Amma cikin waɗanda kika je wurinsu, akwai wanda ya gaya miki abin da ba ki sani ba?"

Ta yi jim, can ta ce, "Akwai, Kawu. Wani dattijo mai sayar da atamfa. Ya ce tun da aka koma taransifa, kuɗin shagonsa a asusun ɗansa suke sauka, don shi bai iya karanta alat ba. Ya ce shekara da shekaru shi ke riƙe da jakar kuɗi, yanzu kuwa sai ya tambayi yaron nawa aka yi ciniki yau."

Na ce, "To me ya hana ki sa wannan a kundin?"

Ta ce, "Babu gurbinsa a takardar tambayoyin."

Amsar nan tata ta bayyana mini halin da binciken sauyin dijital yake ciki a wurinmu fiye da duk wata takarda da na karanta. Dattijon ya ba ta labarin yadda iko ya tashi daga hannun uba ya koma hannun ɗa a cikin shago ɗaya, wato ainihin sauyin da ake magana, amma ma'aunin da aka ba ta ba ya iya ɗaukar wannan nauyin.

Kalmar sauyin dijital ta yi kaka-gida a bakin jami'an gwamnati tun 2019, lokacin da aka sauya wa ma'aikatar sadarwa ta tarayya suna aka ƙara mata tattalin arzikin dijital, a zamanin Farfesa Isa Ali Pantami, aka kuma fito da manufar ƙasa ta shekarun 2020 zuwa 2030. Jami'o'i suka bi sahu da taruka da mujallu da kundayen ɗalibai. Sai dai sau da yawa kowa da abin da yake nufi da kalmar, don haka gara a fara warware ta.

Masana irin su Peter Verhoef da abokan aikinsa, a wani nazari da suka buga a 2021, sun raba al'amarin mataki uku. Mu ɗauki misalin fili, tunda kowane mutumin Kaduna ya san rigimarsa. Mataki na farko shi ne a ɗauko fayil ɗin da ya yi shekaru a kabad yana shan ƙura, a ɗauki hotonsa a adana a kwamfuta. Na biyu shi ne a gyara hanyar aikin: maimakon ka yi ta zagayen ofis-ofis da fayil a hammata, ka biya a banki, a ba ka lamba, ka bi sawun takardarka. Na uku shi ne idan al'amarin fili kansa ya zama wani abu daban. Magatakardan da a da fayil ba ya motsi sai ya so, ya rasa wannan ikon. Shaidar mai unguwa, wadda ita ce hujja a da, taswirar kwamfuta ta sha gabanta. Banki ya yarda ya ba da rance a kan takardar. Dillali ya canja salon sana'arsa ko ya bar ta. Duk wanda ya yi hulɗa da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, tun kafa ta a zamanin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ya ga mataki na farko da na biyu da idonsa. Na ukun shi ne abin bincike, kuma shi ne mai wuyar aunawa, domin ba a ganin sa a rasit ɗin sayen kwamfuta.

Abin da duniya ta riga ta gano

Wannan fanni yana da tarihi fiye da yadda ake zato. A 1987 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Robert Solow, ya yi wata magana da har yau ake maimaitawa, cewa ana ganin zamanin kwamfuta a ko'ina, in ban da a alƙaluman yawan abin da ma'aikata ke samarwa. Kamfanoni sun zuba dukiya a na'urori, amma kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu. A 1990 Paul David, masanin tarihin tattalin arziki, ya kawo amsa daga tarihin lantarki. Ya nuna cewa tashoshin lantarki sun fara aiki tun farkon shekarun 1880, amma masana'antun Amurka ba su ga ribar a zo a gani ba sai wajajen shekarun 1920. Dalili kuwa, da farko masu masana'antu sun cire injin tururi ne kawai suka dasa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar tsarin ginin da jerin aikin yadda suke. Sai da aka sake fasalin masana'antar, kowace na'ura ta sami ƙaramin injinta, aka jera su bisa tafiyar aiki, sannan riba ta bayyana.

Ina ganin wannan shi ne darasi mafi girma a fannin gaba ɗaya, kuma muna da shi a gabanmu kullum. Shiga ofisoshi da asibitoci da yawa za ka tarar da kwamfuta a kan tebur, rajista kuma a gefenta. Ma'aikaci ya rubuta a rajista, sannan ya sake shigarwa a kwamfuta, aiki ɗaya ya zama biyu. A rahoton shekara za a rubuta cewa an zamanantar da ofishin, kuma ba ƙarya aka yi ba, mataki na farko ne aka taka aka tsaya.

Richard Heeks na Jami'ar Manchesta ya kawo maganar kusa da gida. A 2003 ya ƙiyasta cewa cikin ayyukan mayar da hidimar gwamnati kan kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, kashi 35 cikin ɗari sun rushe gaba ɗaya, kashi 50 sun yi rabi da rabi, kashi 15 ne kawai suka yi nasara. Ya danganta haka da tazarar da ke tsakanin abin da mai zana tsarin ya ɗauka da abin da ke ƙasa a zahiri. Rigimar IPPIS, tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya ta kwamfuta, da ƙungiyar ASUU misali ce da malaman jami'a ba sa bukatar a yi musu bayaninta. An zana tsarin biyan albashi don ma'aikacin ma'aikata, aka ɗora shi kan jami'a mai malaman ziyara da masu hutun bincike da 'yan kwantiragi. Aka yi shekaru ana kai ruwa rana, maganar ta shiga jerin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, har majalisar zartarwa ta amince a cire jami'o'i daga tsarin a Disamban 2023. Bankin Duniya ma a rahotonsa na 2016 ya tsaya kan magana makamanciyar wannan: ribar fasahar dijital ba ta yaɗuwa sai da dokoki masu kyau, da ƙwarewar mutane, da hukumomin da ake iya tuhuma.

A 2019 Gregory Vial ya tattara ayyuka 282 a kan sauyin dijital ya nazarce su, don a ga inda aka kwana. Duk wanda ya bi irin waɗannan rubuce-rubucen zai lura da cewa mafi yawansu a kan manyan kamfanoni suke, masu shugaban gudanarwa da sashen fasaha da kasafin kuɗi, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Babu laifi a cikin haka, kowa gabansa yake dubawa. Amma tattalin arzikin Kaduna ta Arewa da Tudun Wada da Rigasa yana hannun mai shago ɗaya, da mai keke napep, da maƙerin Panteka, da matar aure mai sayar da turaren wuta daga ɗakinta. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Akwai bincike mai inganci da aka yi a kan irinmu, wani ma a ƙasar Hausa aka yi shi. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, daidai lokacin da sabis ɗin waya ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa shigar waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota ya je ya jiyo farashi, kira ɗaya ya ishe shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da ta sake yi daga baya tare da Marcel Fafchamps, inda suka duba farashin da manomi ke samu. A nan sai suka ga tasirin ya fito a kan wake, bai fito a kan gero da dawa ba, kuma matsakaicin farashin da ake biyan manomi bai tashi ba. Wato fasaha ɗaya, a kasuwa ɗaya, ta yi wa ɗan kasuwa rana fiye da yadda ta yi wa manomi. Irin wannan sakamakon ba ya fitowa sai an yi shekaru ana bin farashi kasuwa-kasuwa.

A Kenya, Tavneet Suri da William Jack sun buga a 2016 cewa tsarin tura kuɗi na M-Pesa ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, musamman waɗanda mata ke jagoranta. Wasu masana sun ƙalubalanci lissafin, aka yi ta muhawara, kuma da irin wannan muhawarar ilimi ke ƙaruwa.

Inda muka tsaya

A jami'o'inmu abin da na fi cin karo da shi shi ne irin kundin ɗiyar yayata. Tushensa wani ma'auni ne da Fred Davis ya fitar a 1989, wanda ya gwada a kan ma'aikatan kamfanin IBM a Kanada da ɗaliban jami'a, yana tambayar ko mutum zai yarda ya yi amfani da wata manhaja a wurin aiki. Ma'aunin ya yi amfani a zamaninsa. Amma an maimaita shi a nan har ya gaji: karɓar bankin intanet a wannan gari, karɓar karatu ta intanet a waccan makaranta, a canja sunan gari a canja sunan fasaha, amsa ta fito iri ɗaya. Tambayar ko mutane za su karɓa ta riga ta tsufa. Mai shayi a Kawo yana da lambar asusu manne a jikin teburinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba na ganin laifin ɗalibai, kuma ba na ganin laifin malamansu kacokan. Ɗalibi yana da shekara guda da kuɗin aljihunsa, takardar tambayoyi ita ce mafi araha. Malami ana ƙara masa girma ne da yawan takardun da ya buga, don haka wanda ya yi shekara huɗu yana bin kasuwa ɗaya zai ga sa'o'insa sun wuce shi. Ga kuma babbar matsala, wato bayanan da ake bukata suna kulle. Alƙaluman hada-hadar kuɗi suna wurin NIBSS, mai haɗa hada-hada tsakanin bankuna, da bankunan kansu da kamfanoni irin su Moniepoint da OPay. Na kira da data suna wurin kamfanonin waya da hukumar sadarwa ta NCC. Abin da ake fitarwa yawanci jimillar ƙasa ce ko ta jiha, wadda ba za ta gaya maka bambancin Barnawa da Birnin Gwari ba. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, amma al'adar ɗaukar kowace takardar ofis a matsayin sirri ba ta gushe ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a shekarun nan Kaduna ta ga abubuwan da masu bincike a wasu ƙasashe ke nema ruwa a jallo.

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse sabis ɗin waya a wasu sassan jihar saboda matsalar 'yan bindiga, bayan Zamfara ta riga ta yi hakan a farkon watan. Aka yi kusan wata biyu a haka. Masu bincike kan sha wuya wajen gano tasirin waya domin ba za ka iya ƙwace wa gari guda waya don gwaji ba. A nan kuwa an ƙwace, an kuma mayar, wasu garuruwa a ciki wasu a waje, kuma an san ranar farawa da ta gamawa. Yaya farashin masara ya kasance a garuruwan da aka katse idan aka kwatanta da maƙwabtansu? Mai naƙuda da dare, wa aka kira, ta yaya? Masu POS ina suka koma? Mutanen da suka riƙa tafiya mai nisa, wasu har da hawa tudu, don laluben sabis, nawa suka kashe? Harin ya ragu ne, ko labarinsa ne ya daina fitowa? An haɗa matakin da hana hawa babur da rufe wasu kasuwannin mako, don haka raba tasirin kowanne aiki ne na gwani, amma ana iya yi. Waɗanda suka rayu cikin wannan hali suna nan da ransu, sai dai kowace shekara tana goge wani abu daga tunaninsu. Gwamnatoci kuwa za su sake fuskantar irin wannan shawara, kuma ya kamata su yanke ta da hujja a hannu.

Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Mun ga mutane suna kwana a layin ATM, mun ga ana sayen naira da naira a wurin masu POS. Kaduna na cikin jihohi uku, tare da Kogi da Zamfara, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, har aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023. A cikin waɗannan makonnin ne dubban masu ƙananan sana'o'i suka koma taransifa, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun ga amfaninta ko tana da sauƙi. Dole ce ta sa. Dattijon atamfa ma ina kyautata zaton a lokacin ne kuɗinsa suka fara sauka a asusun ɗansa. Wanda ya tsaya a kan taransifa bayan kuɗi sun dawo, me ya tsayar da shi? Wanda ya koma tsabar kuɗi, me ya kore shi, alat na bogi ne, ko kuɗin da aka cire ba su isa ba aka yi mako ana zarya a banki?

A gefe guda ga eNaira, kuɗin dijital na Babban Banki, da aka ƙaddamar a Oktoban 2021 da gagarumin biki. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna fiye da kashi 98 cikin ɗari na asusunta ba a taɓa su a mako. Abin da gwamnati ta zana daga sama ya kwanta, abin da yaro mai laima da na'ura a bakin titi ya kawo ya mamaye gari. Ni a ganina mai POS shi ne ginshiƙin sauyin dijital a Arewa, domin shi ne fuskar da talaka ke iya riƙewa idan kuɗinsa suka maƙale. Mutanenmu da mutum suke yarda kafin na'ura.

Akwai kuma zaɓe. A Mayun 2018 Kaduna ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar kaɗa ƙuri'a, ta sake yi a Satumban 2021, sannan a zaɓen 2024 aka koma takarda. Fasaha ta zo, an gwada ta sau biyu, ta tafi. Ko mene ne ra'ayin mutum na siyasa, wannan tarihi ne da ya cancanci littafi guda: kuɗin da aka kashe, yadda masu zaɓe a ƙauye suka ji da na'urar, abin da ta hana da abin da ta kasa hanawa, da dalilan ajiye ta. Haka jiragen Zipline marasa matuƙi da suka fara kai magani da jini asibitocin karkara daga Pambegua a 2022, da asusun bai-ɗaya na kuɗaɗen gwamnati da jihar ta shiga a 2015.

Inda ya kamata a dosa

A duniya akalar binciken ta karkata ga ƙirƙirarriyar basira. Wani nazari da Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa suka fitar a 2023, a kan ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koken abokan ciniki, ya nuna cewa taimakon irin wannan manhaja ya ƙara yawan aikinsu da kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma sababbin hannu ne suka fi cin moriya. Idan haka ne, tambayar da ta shafe mu ita ce harshe. Manhajar da ba ta jin Hausa sosai ba za ta ɗaga sabon hannunmu ba, za ta ƙara wa mai Turanci ne tazara.

A nan akwai abin farin ciki, domin matasanmu ba su zauna ba. Ƙungiyar Masakhane ta haɗa masu binciken harsunan Afirka, HausaNLP kuma tana aiki kan Hausa musamman. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Igbo da Yarbanci da Turancin buroka, wanda aka tantance don koya wa na'ura gane yabo da suka. Wannan shi ne ɓangaren da na ga 'yan Arewa suna gogayya da kowa a duniya. Sauran aikin yana da yawa. Yawancin Hausar da ke intanet an rubuta ta ba tare da ƙugiya ba, na'ura ba ta bambanta ƙasa da kasa sai ta lura da abin da ke kewaye. Akwai dubban mutane da suka yi karatun allo, suna karatu da rubutu da ajami, amma takardar tambayoyi tana lissafa su cikin waɗanda ba su yi karatu ba. Mafi muhimmanci, Hausar dijital ta baki ce. Cinikin citta daga Kachia, odar ɗinki, sallamar biki, karatun malami, duk da saƙon murya na WhatsApp ake yi. Binciken da ya tsaya kan rubutu zai rasa mafi yawan abin da ke gudana. Na'urar da za ta karanta wa dattijon atamfa alat ɗinsa da Hausar da yake ji, ita za ta mayar masa da jakar kuɗinsa.

Batun mata yana bukatar masu bincike mata. Matar da ba ta fita kasuwa yanzu tana da shago a sitatus ɗinta, yaro ko mai babur ya kai kaya, kuɗi su shigo ta waya. A da wannan ciniki a kan tiren talla yake, a kan 'yarta. Shin wayar ta sauke wa yarinyar tiren ta tafi makaranta? Wayar ta wace ce, asusun da sunan wa aka buɗe? Namiji baƙo da takardar tambayoyi ba zai wuce zaure ba, balle ya ji amsar gaskiya.

Sai waɗanda tsarin ke tunkuɗewa waje. Tun da aka fito da BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da NIN daga Disamban 2020, sunan mutum ya zama abin da kwamfuta ke yanke wa hukunci. Mutum ɗaya Muhammadu ne a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta makaranta. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a nan, sunan mahaifinsa a can. Ranar haihuwa kuwa da yawa ƙiyasta ta aka yi a gaban mai rajista. Na'ura ba ta san uzuri ba, sai ta rufe asusu ko layi. Manomin da fartanya ta goge masa zanen yatsu yana da nasa labarin. Mutum nawa abin ya shafa, kwana nawa da kuɗi nawa gyaran ke ci, wannan lissafi ne da za a iya yi, kuma zai iya sa a gyara tsarin. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta buɗe wani fagen: manhajojin ba da bashi da ke tona wa mutum asiri a wurin duk wanda ke cikin wayarsa, da damfarar zuba jari ta intanet irin ta MMM a 2016 da CBEX a 2025, da guguwar mainin, wato haƙar kuɗin kirifto a waya, da ta kwashi lokacin matasanmu a 2024.

Kada a manta da ƙasan ginin. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. A Oktoban shekarar aka yi fiye da mako guda yawancin Arewa na cikin duhu, layin Shiroro zuwa Mando yana lalace, masu cajin waya da janareta suka zama sarakuna. A farkon 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Yayin da rayuwa ke ƙara rataya a kan waya, kowace katsewa tana ƙara tsada, kuma rubuce-rubucen ƙasashen waje ba za su auna mana wannan ba domin ba ciwonsu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kayan aikin kuwa muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, tana da cibiyoyin binciken noma na IAR da NAERLS a Samaru masu shekaru da yawa suna hulɗa da manoma, waɗanda za su iya faɗin ko saƙon waya ya taimaki manomin citta lokacin da cuta ta cinye gonakin kudancin jihar a 2023. Ga jami'ar jiha, KASU, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Gidan Arewa da ya san adana tarihin baka, ga hukumar ƙididdiga ta jiha, ga matasan cibiyar fasaha ta CoLab. Abin da zan so in gani shi ne a zaɓi wasu kasuwanni, a ce Saminaka da Giwa da Kachia da Kasuwar Bacci, a riƙa komawa wurin mutane ɗaya duk shekara har shekara goma, masanin kwamfuta da na tattalin arziki da na zamantakewa da na harshe a tawaga ɗaya, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ɗauki nauyi, kamfanoni su ba da alƙaluman da aka cire sunayen mutane, a kuma mayar wa 'yan kasuwar sakamakon da Hausa a rediyo. Ɗalibai goma za su iya cin digiri daga rumbu ɗaya irin wannan, kowanne ya ɗora a kan na gabansa.

Ɗiyar yayata ta kai maganar dattijon wurin malaminta. Ya ce jadawalinta su tsaya yadda suke, amma ya yarda ta ƙara babi guda na hira da baki, ta nemi mutum goma sha biyar masu irin labarin. Ta koma kasuwa da wayarta don ɗaukar murya, ta sami dattijon, ta ce, "Baba, na dawo ne kan maganar nan da ka fara yi mini." Ya dube ta, ya dubi yaron da ke duƙe a kan waya a ƙofar shago, ya ce ta dawo ranar Talata bayan la'asar, lokacin da yaron yake tafiya tasha ɗauko kaya.